Littattafan da Gwaggo Ta Ajiye wa Tsufa

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta shafe shekara talatin tana sayen littattafan da ba ta karantawa. Ba don ba ta iya karatu ba. Tela ce a unguwar Muchia a Zariya, kuma ban taɓa ganin mayyar littafi irinta ba. Sai dai akwai dokar da ta kafa wa kanta. Littafin da za ta karanta a tsaitsaye, tsakanin wuyan riga da hannun riga, hayarsa take ɗaukowa a kasuwar Sabon Gari, ta gama ta mayar. Wanda kuwa ta ji mata suna ta zuzutawa, aka ce ya sa wance ta ƙona tuwo, ya sa wance kuka har da majina, wannan ba ta yarda ta ɓata shi da ƙarar keke. Sai ta saya sabo fil, ta naɗe shi a ƙyallen atamfa, ta sa a adaka. In ka fara ba ta labarinsa sai ta toshe kunnuwa.

"Na hutu ne," in ji ta. "Ranan da na aje almakashi zan zauna in karanta abuna a tsanake."

Ta kuwa ajiye almakashin, amma ba don ta shirya ba. Ido ne ya tafi. Aka ce hawan jinin ido ne, likita ya gaya mata abin da ya tafi ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa ragowar. Ragowar kuwa ba ta wuce ta gane inda taga take ba. Ga adaka cike da mafi daɗin littattafan zamaninta, ko ɗaya ba ta buɗe ba.

A wannan hali na same ta. Na samu gurbin karatu a jami'a a Samaru, ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, Baba ya ce ai ga gidan 'yar'uwarsa, in zauna can in riƙa shiga mota. Gwaggo ta karɓe ni hannu bibbiyu. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka "uwata" take kirana. Ba ta nemi in yi mata shara ko wanki ba. Abu ɗaya ta roƙa: bayan la'asar in zauna in karanta mata.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗin abin. Ni ma na taɓa zama mai karatu. A sakandare har bulala na sha saboda ɓoye littafi a ƙarƙashin tebur. Amma kafin in iso Zariya waya ta riga ta cinye wannan yarinyar. Shafi biyu in na karanta sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, in ji kamar ana kirana a wani wuri.

Gwaggo kuma, Allah ya ba ta lafiya, ba a taɓa yin mai sauraro mai ban haushi irinta ba. Ba ta bari ka wuce. Marubuci ya ce yarinya ta sa leshi ruwan hanta, sai ta ce tsaya, ta tambayi irin ɗinkin, in ce ai bai faɗa ba, ta yi tsaki ta ce ragon marubuci. Mutum ya yi maganar banza a cikin labari, sai ta tsaya ta rama, ta wanke shi tas kamar yana zaune a kan tabarmarmu. Wurin da ya yi mata daɗi kuwa, "Maimaita min, uwata." In maimaita. "Ƙara." Littafin da za a cinye a yini biyu sai mu kwashe sati uku muna jan sa.

Tana kuma da wata ɗabi'a ta teloli. Kullum muka tashi sai ta miƙo hannu in ba ta littafin, ta sa ƙyallen alama inda muka tsaya, sannan ta matse ragowar shafukan tsakanin babban yatsa da manuni, yadda take taɓa yadi ta faɗi kuɗinsa. Sai ta ce, "Saura kwana shida." Da wuya ta kuskure da fiye da kwana guda. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nata idon ya koma yatsu.

A zango na biyu wani yayi ya shigo Samaru. Kowace yarinya mai waya ta zama mai karatu. Ka ga yarinya a gindin bishiya ta jingina littafi da kofin shayi tana neman haske, ba na karatu ba, na hoto. Aka buɗe guruf, aka sa gasa: duk kwana uku ka gama littafi, ka yi bidiyon minti ɗaya, ka yanke masa hukunci. In ya yi, ka rungume shi ka ce "a ajiye". In bai yi ba, ka ce "a wurga", ka cilla shi ta bayan kafaɗa. Wurgawar ce mutane suka fi so. Yawancinsu littattafan Turanci suke ɗagawa, masu bango mai sheƙi, kuma duk iri ɗaya, don kowa na kwaikwayon wadda ta fi mabiya. Na san wadda ta yi wa littafi bidiyo bayan ledarsa kawai ta cire.

Ni ina da abin da ba su da shi. Ina da adaka cike da tsofaffin littattafan Hausa masu zanen hannu a bango, ina kuma da Gwaggo.

Ranar da muka gama wani littafi sai na jingina waya a kan keken ɗinkinta na kunna. Na ce mata hoto nake ɗauka in tura wa Baba. Na karanta shafin ƙarshe da murya mai taushi wadda ban taɓa yi mata irinta ba, na rufe, na ce, "Gwaggo, a ajiye ko a wurga?" Ta ɗauka wasa ne. Ta gyara zama ta zazzage ra'ayinta, ta yabi uwar, ta tsine wa kawun, ta ce a ajiye mana.

Da dare na ɗora bidiyon. Washegari, kafin in isa Kwangila a hanyar makaranta, wayata ta ɗau zafi. Abin nema ya samu. Mutanen da ban sani ba suna ta sa min albarka. Yarinya mai karanta wa makauniyar gwaggonta. Wata ta ce ta yi kuka, wani ya ce irina ake nema a aura. Kowa kuma tambayarsa ɗaya: yaushe Gwaggo za ta yanke na gaba?

Na gaban kuwa, a tafiyar Gwaggo, sai nan da sati uku. A waya sati uku mutuwa ce.

Sai na fara tsallake. Da farko sakin layi ɗaya, inda ake kwatanta gari ko damina. Ba ta ji ba. Na koma shafi, na koma uku. Ran nan na haɗa shafi goma na juya lokaci guda ina tari don kada ta ji ƙarar takarda. Da muka tashi ta miƙo hannu kamar kullum. Ta matsa, ta saki, ta sake matsawa.

"Uwata, jiya na bar kwana biyar a nan. Yau na ji biyu."

"Yau mun yi sauri, Gwaggo."

"Sauri? Ke da kika tashi sau uku kina duba wayan nan? Koma baya. Koma inda direban ya sauka a tasha."

Na koma ina cika ina batsewa. Na karanta mata shafi goman nan kamar mai karanta takardar sammaci. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni abin da na fahimta kawai shi ne, matsalar ba kunnenta ba ce, yatsunta ne. In ana so littafi ya ƙare da wuri, to tun kafin ya shiga hannunta ya kamata ya zama siriri.

Irin waɗannan littattafan, da 'yan ƙarafa biyu ake ɗinke su a tsakiya. Na gano in ka buɗe tsakiyar ka ɗaga bakin ƙarafan da tsinken almakashi, sai fallayen tsakiya su zare salin alin, ka mayar da ƙarafan ka danne da gindin cokali, ba mai cewa an taɓa. Masu kauri da aka manne da gam kuwa, reza nake sa musu, rezar da Gwaggo ke farke ɗinki da ita. Da hantsi nake aikin, ranar da ba ni da lacca, tana tsakar gida tana shan rana ni ina ɗaki. Ba na ko duba abin da nake cirewa. Kauri nake aunawa, yadda littafi zai shiga kwana uku.

Da na fara miƙa mata wanda na yi wa aiki, ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan kaman ya rame a adaka."

"Takarda ce, Gwaggo, in ta tsufa bushewa take yi."

Ta yi dariya ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce. Na taya ta dariyar.

In karatu ya kawo mu bakin ramin da na haƙa, sai in yi gada da bakina. "Bayan shekara biyu." "Ana nan ana nan, sai ga shi ya dawo." In na ga wani mutum ya ɓullo wanda babu shi a baya, sai in ƙera masa dangantaka nan take, in ce ɗan wan babanta ne. Wanda ya ɓace kuma in kashe shi da zazzaɓi a layi ɗaya. Na ƙware har na fara jin kaina, ina ganin da marubutan nan sun same ni da ba su wahalar da mutane ba.

Fallayen kuwa ban sha wahalar ɓoye su ba. Kullum da safe ni ke hura gawayi a kurfoti in dafa mata shayi. Tsohuwar takarda ba ta gardama da ashana. Har yabona ta yi, ta ce tunda na zo gidan ba a taɓa samun wuta mai saurin kamawa irin ta kwanakin nan ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda hukuncinta zai canza. Littafin da aka cire wa ciki ba ya tsayuwa. Mutane su yi faɗa ba dalili, su shirya ba dalili, a yi kuka a kan mutuwar wanda ba ka sani ba. Gwaggo ta fara tsaki tun kafin a kai ƙarshe. Nakan kunna waya in tambaye ta, ita kuma ta saki baki.

"Wannan ne? Wannan ne na ɓoye shekara ashirin kaman zinare? Ashe gwangwani ne. Wurga shi, uwata."

In cilla shi ta bayan kafaɗa ya bugi bango. Wayyo, mutane suka haukace. Aka yanko "ashe gwangwani ne" aka riƙa ɗora shi a kan hotunan samari da na jarabawa. 'Yan ajinmu da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka fara kirana mu ci abinci. Na ji daɗi. Ba zan zauna nan in ce wani abu yana cizona a zuci ba, don ba abin da ya cije ni. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ita kuma ta fara yin shiru. Ta daina cewa a maimaita. Ta daina rama wa kowa. Wani lokaci sai ta ambaci ƙawayenta da suka yaba mata littattafan, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ta ce, "Allah ya jiƙan ta, ko me ta gani a nan oho." Wata rana da yamma, bayan na rufe littafi, ta kamo hannuna ta rage murya kamar akwai mai jin mu.

"Uwata, tsakaninki da Allah, kaina ƙalau yake kuwa? Sai in ji ana maganan mutum, in rasa inda na san shi. Labari sai ya kuɓuce min. Ko dai abin da ya ci idon ne ya hau sama?"

Na kalli fuskarta. Tsoro ne ƙarara, irin na wanda ya taka abu a duhu. Na san kalma ɗaya za ta cire mata shi. Na ce, "Tsufa ne, Gwaggo, kowa da haka yake farawa." Ta gyaɗa kai ta sake ni. Washegari ta sa aka nemo mata rubutu da wani jiƙo na ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa, ni ce ma nake tuna mata lokacin sha.

Akwai wani mai kashi huɗu da ta ce shi za a bari ƙarshe. Labarin wata mata ce da ƙanenta ya bi jirgin ƙasa ya yi Kudu bai dawo ba, ta sayar da abin da ta mallaka ta bi sawunsa. Iyakar abin da Gwaggo ta yarda aka gaya mata ke nan. Babbar aminiyarta ce ta kawo mata shi da hannunta, ta ce kada ta kuskura ta mutu ba ta karanta ba. Shi kaɗai ne aka naɗe da leshi. Na ɗora hoton bangonsa, mabiyana suka ce shi suke so. Na lallaɓa Gwaggo, na ce rai ba a hannunmu yake ba, gara a ci mai daɗin tun da sauran ƙarfi. Na san inda zan taɓa, don ita da kanta ta nuna min wurin.

Kashi huɗu, a kwana biyar. Shi na fi yi wa ɓarna. Na ukun kusan rabinsa na zare, har ƙarafan suka yi sako-sako sai da na ƙara dannewa. A karatuna, matar ta isa bakin wani kogi ta shiga kwalekwale, sai kawai ga ta a gida da furfura tana shara. Ko ta ga ƙanen, ko ba ta gan shi ba, ni kaina ban sani ba. Na ce "bayan shekaru masu yawa" na wuce.

Na rufe, na kunna waya, na yi tambayata. Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Gwaggo, a ajiye ko a wurga?"

"Yi yadda kika ga dama."

Na wurga. Na ɗora. Kuma ba wanda ya kalla, in ban da tsirarun da ba su da aikin yi. Ashe a 'yan kwanakin nan kiɗa ya canza. Samaru ta bar littafi ta koma wani yayi na haɗa lemo kala-kala a kofin gilashi. Wadda ta buɗe mana guruf ɗin karatu ma ta canza masa suna. Na zauna ina ta sabunta shafi ina jin haushin Gwaggo, don a ganina ita ta kashe bidiyon da wannan shirun nata.

Aka yi hutu na tafi gida sati uku. Ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Gwaggo tana da wata tsohuwar mai kawo ɗinki, malamar firamare ce da ta yi ritaya, tana zaune a Palladan. Shekara da shekaru Gwaggo ce ke ɗinka wa matan cocinsu anko, daga nan suka ƙulla zumunci. Malama muke ce mata. Ta zo gaisuwa ta tarar ba mai karatu, ta ce ai ita ma zaman banza take yi. Gwaggo ta roƙe ta ta sake karanta mata mai kashi huɗun nan, a hankali, don tana zargin kanta ne ya kasa riƙewa.

Rana dubu ta ɓarawo. Malama ta yi shekara talatin da biyar a gaban allo, kuma akwai abin da aji ya saba mata wanda ba ta iya bari: ba ta juya shafi sai ta faɗi lambarsa da ƙarfi. Shafi na ashirin da bakwai. Shafi na ashirin da takwas. Shafi na arba'in da biyar.

Ranar da na dawo, da azahar, na tarar da su a tsakar gida. An shimfiɗa tabarma, an jera littattafan kashi biyu, tuli ɗaya babba ɗaya ƙarami. Malama na zaune da tabarau a karan hanci, ta saka 'yar takarda a cikin kowane littafi na babban tulin. Na yi sallama, Gwaggo ce kaɗai ta amsa.

"Zo nan, 'yan mata," in ji Malama. "Zo ki koya min lissafi. Daga ashirin da takwas sai nawa?"

Na ce ai tsofaffin littattafan nan haka masu buga su suke yi, ba sa kula. Ta ce to, goma sha huɗu duk haka aka buga su, kuma duk waɗanda kika karanta ne, waɗanda ba ki taɓa ba lafiyansu ƙalau. Na ce wataƙila gara ce.

"Gara," in ji ta. "Garan da ke buɗe ƙarfe ta ci tsakiya ta mayar ta danne. Wannan gara ta yi makaranta."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ban san ina da bakin nan ba sai ranar. Na ce shekara guda ina ba da yammacina kyauta, sa'o'ina suna can suna rayuwa ni ina nan ina maimaita launin leshi. Na ce abin da na cire surutu ne, ciko ne, ba wanda ke da lokacinsa yanzu. Na ce in ban da ni wa ya san da ita, mutum nawa ne suka yi mata addu'a saboda ni. A nan ne ta fara jin labarin bidiyo. Malama ta juya ta yi mata bayani a taƙaice, ni ina tsaye ina huci.

Gwaggo ta ce, "Wato da na ce gwangwani ne, duniya ta ji?"

"Ta ji, Hajiya."

"Har 'ya'yan waɗanda suka rubuta?"

Gwaggo ta sunkuya. Ta shafa tabarma har ta taɓo tulin, ta lalubo mai leshin, ta ɗora a cinya. Ba ta zage ni ba, ba ta ce za ta gaya wa Baba ba. Da ta yi hakan da na samu abin riƙewa. Ta ce, "Ina takardun?" Na ce na hura wuta da su. Ta ce, "Shayina?" Na ce e. Sai ta ce in je in nemo mata wani, wannan ɗaya kawai, sauran ta yafe.

Na fita da ƙarfin gwiwa, don a zatona ba abin da ba a samu. Na shiga kasuwar Sabon Gari na nemi rumfar da take ɗaukar haya. Rumfar na nan, mutumin ma na nan, amma rigunan waya da caja ne rataye har rufi. Ya ce littattafan ya daɗe da auna wa masu tsire da masu gyaɗa. Maƙwabcinsa ya yi min dariya cikin Turancin buroka, ya ce wa ke neman wannan yanzu. Na bi shagunan Samaru ɗaya bayan ɗaya, ba komai sai littattafan jarabawa. Na je har Basawa wurin wata mata da aka ce tana tara irinsu, na tarar tana da kashi na ɗaya kawai, shi ma ba bango. Na tambayi mabiyana, mutanen nan da suka yi ta sa min albarka. Mutum uku suka amsa. Biyu sun ce Allah sarki, ɗaya ta ce ina Gwaggo, kwana biyu ba ta ba su dariya ba.

Kwana tara ina yawo. Ranar ta goma bayan la'asar na zauna a bakin tabarmarta na ce ban samu ba. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta yi magana a hankali, kamar ita ce mai laifin.

"To ba komai. Takarda ai takarda ne. Ni ba takardan nake so ba. Ki faɗa min da baki, ko a gurguje ne, yadda kuke yi a wayan. Da ta haye kogin, ta same shi?"

Ta gyara zama. Ta ɗan karkato da kunne, ta haɗa hannuwa a gwiwa, yadda take yi in za a fara. Wallahi har da ɗan murmushi. Ta riga ta yafe min, abin da ya rage kawai in buɗe baki.

Ƙarya ta zo min har leɓe, ba ɗaya ba, uku, kowace da ƙarshenta mai kyau. Wata da watanni ina yi mata, ba ta taɓa min wuya ba. Ban san abin da ya hana ni ba ranar. Ba na jin tsoron Allah ne. Ina jin gajiya ce.

"Ban karanta ba, Gwaggo."

"Wurin kogin?"

"Duka. Duk abin da na cire."

"Ko kafin ki sa a wuta? Ko kina jiran gawayi ya kama, ba ki ɗan duba ba?"

"Ban duba ba."

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya sauka, ina kallo. Ta warware hannuwanta ta dafa tabarma. Can ta ce, "Ashe ba wanda zai faɗa min ke nan." Ta ce in tashi in ba ta wuri, tana so ta miƙe ƙafa.

Na ƙarasa zangon a gidan, ta ci gaba da ciyar da ni, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Littattafai tara ne suka tsira daga hannuna, cikakku, ba abin da ya same su. Malama ta yi ta zarya daga Palladan, ranar Talata da ranar Alhamis, da tabaraunta a jaka. Ta yi lallashi Gwaggo ta bari ta karanta mata su, ta yi rantsuwa za ta faɗi lambar kowane shafi, ta ce in ma so take a kira wani ya zauna yana duba ta. Ina ɗaki ina jin su ranar da ta yi roƙon ƙarshe.

Gwaggo ta ce, "Ki bar wahalar da kanki, Malama. Ni na gama karatu."